Tukunyar Dalma a Kan Dabinon Bibi

Sidra, 22 ga Sha'aban

Zuwa ga Khala Muntaha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke a nan, alhamdu lillahi. Yaya aiki, yaya Mosil? An ce can ma zafi bai sauka ba.

Yayarki Yumma, mahaifiyata, tana gaishe ki, ciwon ƙugunta ya yi sauƙi. Kakata Bibi tana nan da ƙarfinta, har yanzu ita ke riƙe da makullin kowane ɗaki, kuma har yanzu idan an ambaci Baba sai ta ce “ɗana Sabah” kamar ya je kasuwa ne zai dawo. Ammu Falih, ƙanen Baba, kullum yana kogi da birginsa na kamun kifi. Tun da Baba ya rasu ya zama shi ne babba a gidan, ko da yake shi ne autan Bibi. Waya ɗaya ce a gidan nan, tana aljihunsa, kin kuma san yadda kuke da shi. Shi ya sa na rubuto takarda. Abu Zuhair direba ya ce yana bi ta wajen aikinku duk mako, ya yarda ya kai miki.

Na shiga aji biyar. Na zo ta biyu a lissafi, ta ɗaya a kimiyya. Malama Nidal ta yi mana darasi a kan aikin da kuke yi na rushe tsofaffin tashoshin nukiliya. Ta ce ba rushewa ake yi da katafila kamar gidan laka ba, kwancewa ake yi ƙarfe bayan ƙarfe, ana aunawa ana rubutawa, ɗaki ɗaya sai ya ci shekara. Ta ce Tasha ta bayan ƙauyenmu ma tana jiran layinta. Na so in ɗaga hannu in ce ƙanwar mahaifiyata tana cikin masu wannan aiki, kunya ta hana ni. Ta zana mana alamar nan a allo, mai kama da fanka mai fikafiki uku, ta ce duk inda muka gan ta mu ja da baya.

An fara sare dabino. Bana ya yi kyau.

Ki huta lafiya.
’Yarki, Ibtihal

(A bayan takardar:) Khala, ki yi haƙuri, wuri ya ƙare a gaba. Tukunyar ƙarfen nan mai nauyi da Bibi ke danne buhunan dabino da ita don zumar ta ɗiga, wadda Baba ya kawo a amalanke shekarar da katangar Tasha ta faɗi, na ga kamar akwai wannan alama a gefenta, ta koɗe. Ammu ya ce dalma ce, idan an gama matsar bana zai fasa ta ya narka ya yi wa birginsa nauyi. Ko ba komai? Don Allah ya tsaya tsakaninmu.

*

Mosil, 28 ga Sha'aban

Ibtihal ’yar albarka,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa kafin mu shiga sa fararen kaya. Rubutunki ya yi kyau, ya fi nawa. Ta ɗaya a kimiyya! Ki ce da Yumma wannan kan daga ɓangarenmu kika ɗauko shi, ba daga masu kamun kifi ba.

Malamarku ta faɗi gaskiya. Wata uku ke nan muna kan ɗaki ɗaya. Jiya mun yini muna yanka bututu guda, bai kai tsawon hannunki ba. Kowa yana da minti ashirin a ciki, ya fito, wani ya shiga. Da yamma ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Ga biro biyu da ɗan littafi mai hotuna a kan aikinmu, ki nuna wa malamarku. Wani karon ki ɗaga hannu. Ba wanda kunya ta taɓa ba shi lambar yabo.

Ki gaishe da Yumma. Bibi kuma, idan ta tambaya. Na san ba za ta tambaya ba.

Allah Ya kai mu azumi lafiya.
Khalarki, Muntaha

*

Sidra, 3 ga Ramadan

Khala Muntaha,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, an ɗauki azumi lafiya. Ina fatan ke ma haka.

Biro sun iso. Na gode.

Ban san yadda ake yi wa babba magana cikin fushi ba, ba a koya mini ba, don haka idan na yi kuskure ki yafe. Kwana shida na yi ina shawara kafin in rubuta waccan takarda. Sau uku ina yagawa. Na tambaye ki abu ɗaya, kika aiko mini da biro. Ko ba ki karanta ba ne, ko kin karanta kika ga maganar yara ce, ko kuwa tun da kika bar Sidra abin da ke faruwa a tsakar gidanmu ya daina zama naki?

Littafin da kika aiko ya ƙara tayar mini da hankali. A shafi na tara akwai hoton tukunyarmu. Ba mai kama da ita ba, ita ce: ruwan toka, tsawonta ya kai gwiwata, murfi da noti huɗu, da marikai biyu. A ƙasan hoton an rubuta cewa a cikin irinta ake ajiye abin da ke fitar da tururi mai kisa wanda ido ba ya gani, kaurin dalmar ne ke tare shi. Tamu noti ɗaya ya karye tun bara, biyu sun yi tsatsa.

Jiya bayan shan ruwa Ammu ya tsaya a kanta, ya ƙwanƙwasa ta da ƙafa.

Ya ce da Bibi, wadda shi ma Yumma yake ce mata, “Yumma, wannan zai yi mini birgi uku har da saura. Yaushe za ki sake ta?”

Bibi ta ce, “Ɗauke ƙafarka daga kayan ɗana. Kai da ko kujera ba ka iya ɗaukowa ba ranar da aka kwashe kayan Tasha.”

Ya ce, “Ni ai kifi nake kawo miki, ba kujera ba. Dutse ma zai danne dabino.”

Ta ce, “Dutse ubanka ne? Kafin shekara huɗun nan ban taɓa samun zuma irin ta tukunyar nan ba. Sai ɗigon ƙarshe ya faɗi. Wanda ya ɗaga ta kafin nan zumar ta yi tsami, a bakinsa zan juye.”

Ya yi dariya ya ce ya yarda, ɗigon ƙarshe. Ta ce in ya so bayan nan ya yanki gindin kawai, ya bar mata sauran. Kin ji. Ita ma ba ta ƙi a fasa ba.

Na buɗe baki na ce, “Ammu, malamarmu ta ce...” Ya juyo ya ce, “A’a, likitar gidanmu ta yi magana! Faɗi mana, Dakta.” Kowa ya yi dariya. Na ce ba komai. Na tsani kaina tun jiya.

Buhu shida aka jera a kan katako a rumfar bayan gida. Yadda ɗigon yake zuba a cikin daro, Bibi ta ce sai wajen ashirin ga wata zai tsaya. Ammu ya riga ya aro zarto.

Wannan karon na rubuta a gaban takarda, da manyan baƙaƙe: MECE CE A CIKIN TUKUNYAR? Kuma ina sake roƙonki kada kowa ya ji. Idan aka san daga ɗakinmu magana ta fita, Yumma ce za ta sha. Mu a gidan nan zaman alfarma muke yi.

Ibtihal

*

Sidra, 11 ga Ramadan

Khala,

Assalamu alaikum. Lafiya muke. Yumma ta ɗan yi zazzaɓi, ya sauka.

Kwana takwas babu amsa. Abu Zuhair bai dawo ba, matarsa ta ce an rufe hanya. Ban sani ba ko takardata tana hannunki, ko tana cikin motarsa tana shan rana. Wannan zan ba ƙanensa. Idan kuwa kin samu kika yi shiru, to ki sani na fahimta, ba zan ƙara damun ki ba. Ki dai gaya mini wanda zan tambaya.

Ɗigon ya ragu. Da kamar zare yake zuba, yanzu sai na ƙirga biyar kafin ɗaya ya faɗi. Zafin bana ya sa ya yi sauri, ba zai kai ashirin ba. Ammu ya kafa murhu a bakin rumfa, ya ajiye tsohon gwangwanin da yake narka dalma a ciki. Kullum zai tafi kogi sai ya leƙa daro ya ce, “Har yanzu tana kuka?”

Ke kina can kina yini a kan bututu ɗaya da fararen kaya da minti ashirin. Mu a nan da zarto za a yi, da silifas, kusa da tanderun da muke gasa gurasa.

Ibtihal

*

Mosil, 13 ga Ramadan

Ibtihal,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya.

Takardunki biyu yau suka iso tare. Na koma na zaro ta farko daga aljihun riga, na juya bayanta. Kwana goma sha biyar tana rataye a ƙusa. Laifina ne, ban juya ba, ba zan ɓoye ba. Amma ke ma ki ji naki. Wace irin yarinya ce za ta cika shafi da ƙugun uwarta da makin lissafi, sannan ta laɓe da maganar rai a bayan takarda, har da “ko ba komai”? Haka aka koya muku a gidan nan, a yi ta gaisuwa har gobara ta ci ɗaki? Na yi fushi da ke, na yi fushi da kaina, na fi fushi da Falih.

Ga amsarki. Ban san abin da ke ciki ba. Wataƙila babu komai. Wataƙila akwai ɗan abu, bai kai ƙwallon dabino ba. Idan yana nan, muddin murfin yana rufe dalmar tana tare mafi yawan tururin. Idan aka buɗe, wanda ya ɗauke shi da hannu zai rasa hannun, ko fiye da hannun. Idan ya shiga wuta ya fashe, ba gidanku kaɗai ba, rumfa da tanderu da ƙasar tsakar gida da duk inda hayaƙi ya sauka, sai an kankare an kwashe a ganga. Na ga irin wannan gida da idona. Shekara biyu masu shi ba su koma ba.

Kada a buɗe. Kada a motsa ta. Kada a wanke ta, kin san Bibi da wanke-wanken Sallah. Kada a jefa ta a kogi, wannan shi ne mafi muni. Ke kuma ki nisance ta, taku goma ko fiye. Ki hana Yumma shanya a wajen.

Abin da ba za ki so ji ba: na sanar. Ina gama karantawa na je wajen shugabanmu, ya kira Bagadaza. Kin ce ya tsaya tsakaninmu. Ba zai tsaya ba. Wannan ba sirrin ’yan mata ba ne. Shekara huɗu muna neman kayan da mutanen ƙauyenku suka kwashe, akwai jerin waɗanda ba a gano ba, dare da rana yana kaina. Mota mai akwatin dalma ɗaya ce a yankin, kuma sai an ba ta masu rakiya. Sun ce ranar 23. Na yi ihu, sun ce 23. Na roƙa su zo ba jiniya, ni ma zan biyo su.

Ba zan kira Falih ba. Shekarar da abin ya faru na ce a mayar da komai, ya kira ni karen gwamnati a gaban mutane. Yau idan ya ji muryata, kafin in ajiye waya tukunyar tana ƙasan kogin Dijla.

Kwana goma. Ki san yadda za ki yi ya jira. Na san abin da nake ɗora miki.

Muntaha

*

Sidra, 20 ga Ramadan

Khala,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gaisuwar ke nan, tunda kin ce tana yi miki yawa.

“Kayan da mutanen ƙauyenku suka kwashe.” Sau nawa na karanta wannan layi. Ƙauyenku. A nan aka yanke miki cibiya, Khala. Kuma mutumin da ya kwaso wannan ubana ne. Ranar da masu gadi suka gudu kowa ya shiga, har limami ya fito da fanka. Baba bai ɗauko don ya sayar ba. Ya ga uwarsa tana fama da duwatsu a kan buhu, ya ga abu mai marikai. Ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya mana abin da ake yi a bayan katangar nan, shekara talatin muna maƙwabtaka. Ku da kuka sani kuna ciki da fararen kaya. Yanzu za ku zo da takarda ku rubuta sunansa a jerin ɓarayi, shi kuma ba ya nan balle ya ce wani abu.

Kuma na roƙe ki sau biyu kada kowa ya ji. Na gane dalilinki, ban ce ba ki da gaskiya ba. Amma ke za ki koma Mosil, mu za mu kwana a nan.

Takardarki ta zo ranar 16. A ranar ɗigon ya kusa tsayawa, sai na ƙirga arba’in. Kin ce in san yadda zan yi, kin kuma ce in nisance ta taku goma. Biyun ba sa haɗuwa, sai na zaɓi ɗaya.

Bayan azahar kowa yana kwance saboda azumi, Ammu yana kogi. Nakan ɗebi zuma daga tulun da Bibi ta riga ta cika, kofi biyu, in ɗan sirka da ruwan ɗumi, in ɗaga bakin buhun sama in zuba ta baya inda ba a gani. Kafin la’asar ta ratso, ta fara ɗiga. Ban taɓa tukunyar ba. Na tuna minti ashirin ɗinku, ni ina ƙirgawa a zuci, ban taɓa wuce sittin ba nake barin wurin.

Shekaranjiya Ammu ya tsuguna a gaban daro ya ce, “Wannan dabino aljanu ne da shi? Jiya ya kusa ƙafewa!”

Bibi ta ce, “Albarkar ɗana ce. Kai dai ba ka san ta ba.”

Ya ce, “Albarka ko taurin kai. Sallah ta matso, kifi yana wuce ni, birgina duk ya zube.”

Ta ce, “Sai ka kama da hannu.”

Jiya kuwa na juyo da kofi a hannu, sai ga Bibi a ƙofar rumfa da carbinta. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta dubi kofin, ta dubi buhun, ta dube ni.

Ta ce, “Zumata kike sirkawa da ruwa, ’yar Sabah?”

Na ce, “E, Bibi.”

“Hauka ne ko gado daga dangin uwarki?”

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce, “Bibi, idan Ammu ya fasa ta zai mutu. Ko ya rasa hannu. Kin riga kin binne ɗaya.”

Ban taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba. Na jira mari. Ta ja carbinta. Sai ta ce, “Waccan mai wandon ce ta gaya miki?” Na ce ke ce. Ta yi tsaki, ta juya. Har ta kai ƙofa ta ce, ba ta waiwayo ba, “Ruwan ya yi yawa, zai gane. Kofi ɗaya, kuma daga tulun baya.”

Ko wajen buɗa-baki ba ta dube ni ba. Ban gaya mata kuna zuwa ba. Saura kwana uku. Idan kuka makara, ban san abin da zan ƙara zubawa ba.

Ibtihal

*

Sidra, 27 ga Ramadan

Khala,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin isa lafiya. Yumma tana gaishe ki. Mu muna nan.

Kin zo gidanmu kin yi awa huɗu, ba ki ce mini komai ba sai “matsa baya.” Na san aiki kike yi. Duk da haka zan faɗa.

Kun ce 23, kun zo 24. Ba ki san abin da wannan kwana ɗaya ya ci ba. Da safen 24 Ammu ya sa yatsa a daro ya duba, ya shinshina, ya ce, “Wannan ai ruwa ne. Wa ke wasa da ni?” Ya hura wuta, ya ɗauko zarto. Bibi ta jawo kujerarta ta dasa a ƙofar rumfa ta zauna. Ta ce, “Ta kaina za ka bi.” Ya ce, “Yumma, tashi.” Ta ce, “Na haife ka a tsaye, yau a zaune zan hana ka.” Suna cikin haka motarku ta tsaya. Abin da kika tarar ke nan, in kina mamakin abin da ya sa tsohuwa ke zaune a rana da azumi.

Sauran kin gani. Ni daga bakin tanderu na ji na’urarki ta fara ƙara tun kina taku biyar, kamar ana soya gyaɗa, ta ƙaru da kika kai ta wajen notin da ya karye. Na ga Ammu ya dubi zarton da ke hannunsa ya ajiye shi a hankali. Na ga mutum huɗu sun ɗaga abin da Baba ya turo shi kaɗai.

Abin da ba ki gani ba shi ne bayan tafiyarku. Maƙwabta sun cika ƙofa. Ammu ya ce an tozarta shi, an kawo masa gwamnati har tsakar gida, kuma ya san bakin da ya kai. Ya ce da Yumma ta tattara kayanta ta bi ƙanwarta. Yumma ta tashi za ta shiga ɗaki. Bibi ta ce, “Zauna. Ni na aika a kira su.” Ya ce, “Ke da ba ki iya rubutu ba?” Ta ce, “Ina da jika.” Bai ci abinci da mu ba tun ranar. Ba ya amsa gaisuwata. Jiya dai ya ajiye kifi biyu a ƙofar ɗakinmu, bai ce na wane ne ba.

Bibi ba ta yafe miki ba, kada ki ɗauka. Takan tsaya ta dubi wurin da tukunyar take, inda katako ya lotsa. Ta ce kun ɗauke abu na ƙarshe da hannun ɗanta ya taɓa, kun ba ta takarda.

Ina da tambaya uku, duk a gaban shafi. Me kika rubuta a kan Baba? Zumar da kuka ɗiba a kwalba, guba ce, shekara huɗu muna ci? Ni kuma da na je kusa sau takwas, me zai same ni? Kada ki aiko mini da biro.

Ibtihal

*

Mosil, 3 ga Shawwal

Ibtihal,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah. Na iso lafiya. Na juya takardarki gaba da baya sau biyu kafin in zauna.

Ban yi miki magana ba ranar don idan na fara, a gaban mutanena zan yi kuka ko in mare ki, ban san wanne ba. Na ce taku goma, kika je da kofi. Har yanzu ina jin haushi. Na kuma san da kin bi maganata da yanzu ana kankare gidanku.

Amsoshinki. An buɗe tukunyar a inda ya kamata, ta bayan gilashi mai kauri, da hannun ƙarfe. Akwai abu a ciki. Bai fashe ba, bai yoyo ba. Zumar da ƙasar rumfa da katakon duk an auna, babu komai a cikinsu, ku ci abinku. Ke kuma na yi lissafin sau takwas ɗinki, minti ɗaya-ɗaya, a nisan da kika tsaya. Bai kai hoton ƙirji ɗaya a asibiti ba. Bibi ce ta fi daɗewa kusa da ita cikin shekarun nan, ina so a duba jininta. Ke za ki san yadda za ki kai ta, na ga kin fi ni iyawa.

Maganar “ƙauyenku”, ban nufi abin da kika ji ba, amma na rubuta, kuma ba daidai ba ne. Ƙauyenmu. Takardar ofishinmu tana da gurbi da aka ce “yadda aka samu.” Ga abin da na sa, harafi da harafi, ki karanta wa Bibi: “An same ta a rufe, a gidan marigayi Sabah, iyalinsa sun tsare ta har aka zo.” Shugabana ya ce wannan ba yaren ofis ba ne. Na ce ya goge da hannunsa in ya iya. Bai goge ba.

Abu Zuhair zai sauke muku dutsen niƙa, na sa an huda shi an sa masa marikai biyu. Nauyinsu ɗaya da waccan, na auna. Da ƙulli na dalma mai tsabta, na birgi. Kada ki ce daga wajena ne, ki ajiye a ƙofar Falih kawai.

Muntaha

*

Sidra, 9 ga Shawwal

Khala,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da gaske wannan karon.

Na karanta wa Bibi layin. Ta ce in sake. Na sake. Ta karɓi takardar ta sa a ƙarƙashin matashinta, don haka ba ni da ita yanzu.

Dutsen ya iso. Ta zagaya shi, ta ja marikin, ta ce bai kai waccan ba, kuma wanda ya huda shi bai iya aiki ba. Ta sa an ɗora shi a kan katakon. Asibiti kuwa, Bibi ta ce ba za ta ba. Ranar Laraba za mu je.

Dalmar ta ɓace daga ƙofar Ammu.

Ga kwalbar zuma, Bibi ce ta ba Abu Zuhair da hannunta. Ta ce in rubuta miki cewa ba kyauta ba ce, daga wadda na sirka ce, ba mai sayenta, kuma tunda ke kika jawo, ke za ki shanye.

Ban gama fushi da ke ba. Ranar Lahadi Malama Nidal ta sake zana alamar a allo ta ce wa ya taɓa ganinta. Na ɗaga hannu.

’Yarki, Ibtihal